Neman Maganin Dabinon Babanmu

Asabar: Yekuwa zuwa Magarya

Ranar Asabar muka bar Yekuwa, da idar da sallar asuba, gari bai waye ba. Cikin sanyin ɗari ne, shekara huɗu kafin Nasara su shigo Damagaram. Mu biyu ne, ni Habu da taubashina Tanko, ɗan ƙanwar babana, bafataken kanwa da zai wuce gabas da jakuna biyar. Ni jakina ɗaya ne, da guzurin dawo a ƙwarya, da baƙin zakara ɗaure a kan mangala yana ta ɓaɓatu.

Ga abin da ya fitar da ni. Babanmu ya bar mana dabino talatin a fadamar kudu da gari, ni da yayana Mamman. Da hannunsa ya shuka ƙwallayensu, kuma da abin da muke sayarwa a kasuwar Magarya muke yi wa gida sutura. Da ya rasu sai na dubi guda uku a cikinsu, kowace shekara su yi fure fari fat, amma ko ɗa ɗaya ba su taɓa yi ba. Na ce waɗannan raggaye ne, ruwa kawai suke sha. Na sare su na kafa rumfar ƙofar gida da su, har mutane suna zuwa suna yaba mini. Daga wannan shekara sauran ashirin da bakwai suka lalace. 'Ya'yan su fito sirara, babu ƙwallo a ciki, su ƙi nuna, su zube. Shekara uku ana haka. Muka ce sammu ne, muka binne layu har na daina ƙirga su.

Ana gobe zan tashi Mamman ya ce mini, “Habu, ka je ka dawo. Amma bana ce ta ƙarshe. In damina ta faɗi ban ga dabinon kirki ba, gatari zan sa musu mu dasa albasa.”

Ba ƙarya ya yi ba, yana da bakuna tara da zai ciyar. Amma ni in na tsaya a cikin dabinon nan ji nake kamar babanmu bai yi nisa ba.

Tanko ne ya ba ni labarin wani tsoho Babarbare, Baba Kyari, a wani kwari gabas da Dungas, wanda masu dabino suke taruwa wurinsa duk ɗari. Ni da jin haka na ɗauka mai magani ne, shi ya sa na kama zakara. Tanko bai gyara mini ba. Daga baya na gane ajiye ni ya yi don ya samu abin dariyar hanya.

Azahar ta gota muka isa Magarya. 'Yan ƙofa suka karɓi wuri ashirin a kan kowane jaki mai kaya, nawa kuwa suka duba suka ce zakara ba kaya ba ne. Muka sauka gidan fatoman Tanko, aka ba mu tuwon dawa miyar kuka da zafinsa. Allah ya saka wa matar gidan nan, sau biyu ta ƙaro mini miya ba tare da na roƙa ba.

Lahadi da Litinin: hanyar Dungas

Da asuba muka kama gabas. Rairayin hanyar nan sai wanda ya taka shi, jaki yana nutsewa har kofato ya ɓace. Da hantsi muka tarar da Fulani suna shayarwa a wata rijiya mai gaba goma sha biyu. Tanko ya ba su guntun kanwa, suka cika mana ƙwarya da nono, muka dama dawo muka sha a tsaye. Da la'asar sakaliya muka yada zango a wani ƙauye, mai garin ya ba mu zaurensa da itacen jin ɗumi.

Litinin da azahar muka shiga Dungas. A bakin kasuwa na ga wata tsohuwa da faifan busasshen dabino, manya, jajaye. Na ɗauki ɗaya na tauna, ƙwallon ya bugi haƙorina. Sai na ji ƙwalla ta cika mini ido, don shekara uku ke nan rabon da in ji haka a dabinon gidanmu.

Na ce, “Inna, na ina ne wannan?”

Ta ce, “Na kwarin Baba Kyari. Ka bi ƙofar gabas, in ka ga goruba ta ƙare ka gangara, kafin la'asar ka isa.”

Haka kuwa aka yi. Muna hawa wani tudu sai ga kwarin a ƙasa, kore shar, dabino ya fi ɗari uku, jigo na ta ƙara a bakin rijiyoyi. Akwai lemun tsami da gwanda a tsakani. Mutum goma sha ɗaya muka tarar sun riga mu, daga Waca, daga Dogo-Dogo, har da wani daga ƙasar Gumel, kowa da lambunsa a gida.

Baba Kyari ɗan siririn tsoho ne, hannuwansa duk tabon ƙaya. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye zakara a gabansa.

Ya ce, “Wannan fa?”

Na ce, “Na aiki ne, Baba. Baƙi ne ƙirin, babu ratsi.”

Tanko ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce a kai zakara cikin gida a yi wa baƙi miya, sannan ya sa na zauna na faɗa masa komai tun daga shuka. Da na gama ya ce, “Maza nawa ne a lambun?”

Na ce, “Ni da yayana ne, Baba.”

“Dabinon nake tambaya. Waɗanda suke fure ba sa 'ya'ya.”

Na ce, “Ai waɗannan uku ne. Na sare su na yi rumfa.”

Baba Kyari ya dube ni ya ce, “Ɗana, babu wanda ya yi muku sammu. Dabino mace da namiji ne. Garin da ke cikin furen namiji shi iska take kai wa matan. Babanka ya san abin da ya sa ya bar ukun nan.”

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan yammaci ba. Shekara uku ina zargin maƙwabta, har na daina gaisawa da mutum biyu, alhali kullum ina zaune a inuwar ɓarnar da na yi. Na miƙe na ce yanzu zan koma, don na baro furen matan ya fara leƙowa. Tsohon ya ce in zauna. “In ka tafi yau, da kunya kawai za ka koma. Ba duka suke buɗewa rana ɗaya ba. Ka ba ni kwana uku.”

Talata zuwa Alhamis: a kwari

Tanko ya wuce da jakunansa, ya ce zai biyo ta kaina ranar Alhamis. Mu kuwa aka shiga aiki. Tsarin wurin shi ne, ba a biyan ko wuri ɗaya. Da safe ku yi wa tsohon aikin lambunsa, a cikin aikin kuke koyo, da yamma a zauna kowa ya faɗi abin da ke damun nasa lambun, wanda ya san magani ya faɗa. A nan na ji yadda ake korar jemagu daga dabino in ya fara nuna, da yadda ake shanya shi a kan tabarma in damina ta riske shi.

Ranar Talata aka koya mana hawa. Ka zagaya igiya a jikin dabinon da ƙugunka, ka fara sare ƙayar gindin zarɓa, wato reshen dabino, kafin ka kai hannu wurin fure. Ni na yi gaggawa, ƙaya ta shige mini dantse, na yini hannu a kumbure. Wani mutumin Dogo-Dogo, Malam Idi, shi ya cire mini ita ya gasa wurin. Har yau muna zumunci.

Laraba aka zo kan abin da ya kawo ni. Furen dabino yana fitowa ne cikin wani kube kamar na takobi. Na namiji, da ya fara tsagewa sai a yanko shi, a rarraba sili-sili, a shanya a inuwa inda iska ba ta kaɗawa. Na mace kuwa, in kuben ya tsage, sai ka ɗauki silin namiji uku ka kaɗa a kai, ka cusa su a tsakiya kansu yana kallon ƙasa, ka ɗaure sako-sako da ganyen zarɓa. Da hantsi ake yi, bayan raɓa ta bushe.

Baba Kyari ya ce, “Kwana uku na farko su ne naka. Ya wuce bakwai, ka bar wa Allah.”

Alhamis ya nuna mana cire ɗan gindi, wato tohon da ke fitowa a gindin uwa. Ya ce ƙwallo caca ne, sai ka shekara bakwai kana ban ruwa kafin ka san mace ce ko namiji, amma ɗan gindi abin da uwarsa take shi zai zama. Da la'asar ya kira ni gefe ya ba ni gora cike da busassun silin namiji, an toshe bakin da auduga, da ɗan gindin namiji ɗaya an naɗe saiwarsa da jiƙaƙƙen tsumma.

Na ce, “Baba, me zan ba ka?”

Ya ce, “Ba ni za ka ba ba. Ranar da wannan ya yi fure, duk wanda ya zo nema kada ka hana shi. Haka aka ba ni, haka nake bayarwa. Gorar kuwa, ka tsare ta daga ruwa da iska.”

Juma'a zuwa Lahadi: komawa

Tanko ya iso yadda ya ce. Juma'a da asuba muka tashi, muka bi ta Dogo-Dogo don mu raka Malam Idi. Gorar a cikin rigata take, ban yarda ta hau jaki ba. Wannan ne ya ja mini a bakin wani gari, inda mai karɓar kuɗin hanya ya ga ina rungume da abu, ya ce sai ya gani. Ya fizge audugar, iska kuwa tana kaɗawa, ya fara karkata gorar a tafin hannunsa. Na ga farin gari ya tashi. Na kai hannu zan tare gorar.

Tanko ya ce, “Ranka ya daɗe, a hankali. Garin haihuwa ne na Barebari. Dabino ashirin da bakwai zai yi wa ciki, ban san me zai yi wa mutum ɗaya ba.”

Mutumin ya mayar da audugar da sauri, ya goge hannunsa a rairayi, ya ce mu wuce. A nan na yafe wa Tanko maganar zakara.

Asabar ba mu tsaya ko'ina ba sai don salla, a Magarya ma kwana kawai muka yi. Lahadi da hantsi na hango tsamiyar Yekuwa. Ban shiga gida ba, fadama na nufa. Biyar na tarar furensu ya daɗe da buɗewa har ya dafe, waɗannan sun wuce. Tara sun tsage sabo. Sauran suna rufe. Na ɗaura igiya na hau.

Ina kan na huɗu Mamman ya zo ya tsaya a ƙasa. Ya ce, “Ina maganin?”

Na sauko na faɗa masa gaskiya duka, har da rumfa. Ya ce, “Ni na riƙe maka igiya ranar da ka sare su.” Ya tuɓe rigarsa ya ce in nuna masa yadda ake ɗaurin. Kwana goma sha shida muna hawa da sauka, har na ƙarshe ya buɗe. Mutum biyun nan da na daina gaisawa da su kuma na bi su gida na nemi gafara.

Da damina ta faɗi, ashirin da biyu suka yi nonon dabino mai nauyi har sai da muka tokare wasu. Na tsinko na farko da ya nuna na kai wa Mamman a rumfa. Ya tauna, ya tofo ƙwallon a tafin hannunsa, ya daɗe yana juya shi. Bai yi maganar gatari ba, ni ma ban tuna masa ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Tanko, da Malam Idi, da matar fatoma mai miya. Baba Kyari kuwa sau uku na koma wurinsa karɓar fure, a zuwa na huɗu na tarar an binne shi, Allah ya haskaka kabarinsa. A ɗarin nan ne namijin da ya ba ni ya fara fure, a ramin da na sare na farko. Kafin kuben ya gama tsagewa wani baƙo ya yi sallama a ƙofar gida, daga wajen Daura, da baƙar kaza a hammata. Na ce a kai ta ciki a yi miya, na shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfar, na ce ya ɗaga kai ya dubi ginshiƙan nan uku kafin mu fara.