Kwale-kwalen Cikin Kaset

A layinmu in ka tambayi gidan mai gyaran tafireta, yara ba za su gane ba, don tafiretar ma ba su taɓa ganinta ba. Amma ka ce gidan Mai Tara Gawa, har ƙofar ɗaki za a raka ka. Baffana ne, yayan mahaifina, kuma a hannunsa na tashi. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. Cewa yake, "A wurinku ne suke gawa. Ni a wurina barci suke yi."

Masu barcin kuwa tsofaffin kwamfutoci ne, irin na farko-farko, waɗanda ba su da fuskar kansu sai an jona su da talabijin. Suna jere a ɗakin baya bisa katako, tun daga ƙasa har rufi, jikinsu ya yi rawaya kamar haƙoran tsoho. Wata ba madannai, wata ba murfi, wata kyankyasai sun yi gari a cikinta kafin ta zo hannunsa. Wurin 'yan gwangwan yake samo su, ko in wani ofis zai share sito. Ya ɗauko a bayan keke, ya lulluɓe da tsohon zane, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da marar lafiya.

Ina ƙarama na fi son ɗakin nan da yamma. Baffa yakan saki labule, ya kunna guda ɗaya, sai koren haske ya kwanta a bango da gilashin idonsa. Ɗakin ya ɗauki warin narkakkiyar dalma da ɗumin tsohuwar roba. Nakan kwanta a tabarma ina kallon wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa a kusurwar talabijin, har barci ya sace ni. A mafarkina kwamfutocin nan hira suke da juna ƙasa-ƙasa, kowace tana ba da labarin ofishin da ta baro.

Inna, matarsa, ba ta ga abin mafarki a ciki ba. Madannan yakan cire su ɗaya-ɗaya, ya wanke da tsohon buroshin haƙori, ya shanya a farantinta na baƙi. Ta fito ta tarar da haruffa baje a rana, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Malam, faranti ɗaya ke gare ni na fita kunya, shi ma sai ka sa shi makaranta?"

"Ai gara ya yi ilimi, Hajiya."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ƙara. Kwamfutocin wancan zamani ba su da riƙo. Da an kashe wuta, duk abin da aka rubuta musu ya tafi. Don haka ake adana shi a kaset, irin na waƙa, sai dai in ka saka a rakoda ba waƙa za ka ji ba, wata tsuwa ce mai shiga haƙori, kamar gyare dubu sun faɗa gwangwani. Wannan kukan ake zuba wa kwamfutar ta waya, ita kuma ta mai da shi rubutu ko hoto. Kuma ba ta karɓa sai kukan ya fito tas. Akwai wata 'yar ƙusa a jikin kan da ke karanta zaren kaset, ita ake juyawa da siririn sukudireba, ana saurare, har muryar ta washe. Aikin kunne ne zalla. Keken ɗinkin Inna yana jingine da bangon ɗakin, don haka duk tsawon aurensu wannan kiɗan take sha.

Sai da na yi wayo na gane ba tarin ba ne a gaban Baffa. Guda ɗaya yake nema.

Suna samari, shi da mahaifina suka sayi wata kwamfuta a warwatse cikin kwali, suka haɗa ta da hannunsu. Baffa ne mai liƙa waya, don hannunsa ba ya rawa. Mahaifina, wanda har yau Baffa ba ya kiransa sai Ƙarami, shi ne mai rubuta mata umarni. Ya daɗe yana fama da wani abu guda: kwale-kwale a kan ruwa, da mutum a ciki, da taurari a sama. Da ya samu ya tafi yadda yake so, ya adana a kaset. Ina rarrafe ciwo ya ɗauke shi. Ba a jima ba wuta ta zo da ƙarfi wata rana ta ƙone kwamfutar ƙurmus. Kaset ya rage, kuma kaset ba ya magana sai da irin wadda ta haife shi.

Ni hoton mahaifina ɗaya na sani, yana tsaye ƙiƙam ya haɗe rai don mai hoto ya ce kada a motsa. Ban taɓa ganin wani abu nasa yana motsi ba. Baffa ya sha ba ni labarin kwale-kwalen, yadda yake fitowa daga hagu yana lilo, har na haddace, amma labari ai ba gani ba ne. Shi kuma ya shiga nema. Ya je neman waccan, ya tarar da wata a yashe cikin ruwan sama, tausayi ya hana shi barinta. Haka ɗakin ya cika.

Irin wadda yake nema ba ta taɓa zuwa masa da rai ba. Gawa-gawa ta riƙa zuwa: wannan cikinta lafiya amma madannai sun mutu, waccan an fasa ta an kwashe rabi. Ya ciro nan ya dasa can, shekara da shekaru, har na yi aure na haihu. Ran da wadda ya harhaɗa ta buɗe ido, ɗigon nan ya fara ƙiftawa, ya aiko a kira ni. Inna ta tare ni a tsakar gida tana dariya.

"Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Shiga ki ga baffanki, tun safe bakinsa ya ƙi rufuwa."

Na shiga. Ya fito da kaset ɗin daga cikin wata tsohuwar safa, ya zura biro ya ɗan ɗaure zaren, ya saka. Tsuwar ta cika ɗaki. Ya karkata kai, ya juya ƙusar, muka jira. Kwamfutar ta ƙi karɓa. Ya mayar, ya sake, ta sake ƙi. Da ya buɗe rakodar sai na ga wani jan gari a kan ƙarfen. Zaren ne ke zuba. Duk juyi ɗaya, wani abu na mahaifina yana kaɗewa, kuma ba mai mayar da shi.

A nan na lura da abin da ya daɗe yana ɓoye mana. Kunnen da yake karkatawa ba ya jin komai. Amon tafireta na shekaru da tsufa sun cinye masa siraran sauti, ya koma karanta leɓenmu muna zaton saurare yake. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin duniya.

Na ce, "Baffa, mu naɗe shi a wayar hannu mana, kafin ya ƙare."

"Mamana, abin da ya fito a karkace, a karkace za ki naɗe shi. Sai an daidaita tukuna. Saurara min ke."

Na saurara iyakar ƙoƙarina. Wallahi duk inda ya juya ƙusar, ni gyare nake ji. Ya kashe rakodar, ya zauna ya zuba wa kaset ɗin ido. Ya ce ba zai ƙara ba, gara ya mutu da sauran abin a ciki da ya goge shi da hannunsa.

Sai muka ji keken ɗinki ya tsaya. Inna ta ɗaga labule, abin da ba ta cika yi ba, da tsinken allura a bakinta.

"Ba haka yake kuka ba," in ji ta.

Baffa ya dubi leɓenta. "Me kika ce?"

Ta cire allurar, ta matso ta ɗaga murya. "Na ce ba haka na Ƙarami yake kuka ba. Wannan kamar mai mura. Nasa siriri ne, yana farawa da fito mai tsawo, sannan ya ɓarke kamar ana yayyafi a kwano. Ina amarya ya hana ni barcin rana da shi, yau za a gaya min?"

Baffa ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙa mata sukudireban. Ta ture hannunsa.

"Ni ban iya ƙarfenku ba. Kai ka juya, ni in ji."

Ta ja kujera ta zauna dab da rakodar, ta ɗaga ɗankwali daga kunne ɗaya, ta lumshe ido. Ta ɗora hannu a kafaɗarsa: in ta matsa, ya juya, in ta saki, ya tsaya. Ya danna. Fiton ya taso a dushe. Ta matsa, ya juya kaɗan. Ta yamutsa fuska, ta ja rigarsa baya, ya koma. A hankali har ni na ji muryar tana washewa, kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a rufe. Ta saki kafaɗarsa.

"Nan ne. Mayar da shi farko."

Ya mayar, ya sake dannawa. Hasken yamma ya ratso gefen labule ya kwanta a ƙafafunmu, yayyafin yana ta zuba, Inna tana gyaɗa kai a hankali kamar mai jin muryar wanda ta sani a bayan katanga. Da ƙarar ta yanke, talabijin ya yi duhu.

Taurari suka fara fitowa, ɗigo-ɗigo. Layin ruwa ya shimfiɗu a ƙasa yana rawa. Daga hagu sai ga shi, ɗan kwale-kwale mai kusurwa-kusurwa, da mutum zaune wanda bai wuce ƙwayar wake ba. Yana hawa yana sauka, ba ya sauri. Hannun mahaifina ne ya sa shi wannan lilon. Na matsa har numfashina ya taɓa gilashi, ina binsa da ido, ya ratsa tsakiya, ya kai gefen dama, ya shige. Ruwa da taurari suka rage.

Ban san ina kuka ba sai da na yi magana. "Shi ke nan, Baffa? Ya tafi?"

Bai ji ni ba. Idonsa na gefen hagu.

"Jira," in ji Inna. "Ni ban taɓa tsayawa na kalle shi ba, amma na san yana dawowa. In zai dawo yakan yi ɗan ƙit."

Kwamfutar ta yi ƙit. Inna ta matsa kafaɗar Baffa, kuma ga hancin kwale-kwalen ya leƙo daga hagu.

Baffa ya cire gilashi ya goge da bakin riga. "Babanki bai iya rubuta masa tsayawa ba. Kullum sai ya ce gobe."

Ya ɗauko sabon kaset don ya adana shi tun wuta ba ta ɗauke ba. Da ya danna, tsuwar ta sake cika gidan, sabuwa fil. Inna, wadda ta yi rabin rayuwarta tana cewa a kashe mata abin nan, ta gyara zama ta ce a ƙara murya, tana so ta ji ko ya shiga daidai.