Ƙafata Tana Lome

Zinder, Juma'ar farko bayan Babbar Sallah.

Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Masu tambaya ko na mutu, ban mutu ba tukuna.

Zan fara da abin da ya daɗe yana ci mini rai. Na ƙarar da ƙarfina ina koyar da ilmin halittu a lakwal, daga Takieta har cikin birni. Da na ajiye alli, takardun haƙƙina suka shiga wani biro, wato ofishin gwamnati, a Yamai. Har yau "ana dubawa". Da an ba ni abina, me zai kai tsoho mai ciwon sukari Lome?

Wani tsohon ɗalibina, Alhaji Mutari, yana shigo da kaya ta can. Ya kira ni yadda suke kiran malami a lakwal, ya ce, "Mushe, kai ka iya Faransanci, zo ka riƙa cika mini takardun duwan na fiton kaya." Yaron da ya kasa zana ƙwayar halitta a allo. Na bi shi, don gida babu hatsi.

Ana gobe tafiya, yayata Mariama ta zo daga Durum da bidon ruwa a hannu.

"Ƙanena, ka ɗebo mini ruwan teku. An ce yana maganin gwiwa."

Na ce, "Yaya, gishirin Bilma ya ƙare ne?"

Ta ce, "Kai dai boko ya lalata ka. Ɗebo mini."

Kun san mu. Wanda ya je bakin teku bai zo da ruwan ba, kamar bai je ba. Kuma mun tashi ana wanke mana rauni da ruwan gishiri. Wa zai ji tsoron gishiri?

Ban taɓa ganin teku ba sai ranar, ni da na yi shekaru ina ba yara labarinsa. Igiyar ruwan ta ba ni tsoro, sai na koma gefen da wani rafi ke shiga cikinsa, inda ruwan ke kwance, da ɗumi. Na tuɓe takalmi na shiga, na cika bidon Yaya. Dugadugaina duk faso ne, irin na kowane ɗan Damagaram. Da na ji zafi, har daɗi na ji, na ce yana warkewa.

Washegari ƙafar hagu ta kumbura. Zazzaɓi ya kwantar da ni. Kafin la'asar bororo baƙaƙe sun fito, cike da jini, suna hawa ƙauri kamar ana kora su. Zafin ban san da me zan kwatanta shi ba.

Alhaji Mutari ya kai ni asibiti. Aka ɗebi jini, aka sa ƙarin ruwa, allura bayan allura. Lokotoron ya ɗauki alƙalami ya ja layi a fatata, iyakar inda baƙin ya kai. Da ya dawo, baƙin ya tsallake layin.

Ya tambaye ni, "Baba, ka shiga teku da rauni?"

Da ya ji Faransancina sai ya jawo kujera. Ya ce wata ƙwayar cuta ce mai zama a ruwan gishiri mai ɗumi. In ta samu ƙofa ta shiga jiki, sai ta saki dafi. Wani dafin yana huda bangon ƙwayoyin halittar mutum, abin cikinsu ya tsiyaye, su mutu. Wani yana narka naman da ke riƙe su, don ta samu hanyar shiga jini. Ƙwayoyin da ke tsaron jiki ma tana kashe su. Mai ciwon sukari ko ciwon hanta ta fi yi wa ɓarna.

Bangon nan na zana shi a allo ba adadi. Ina ce wa yara shi ne ganuwar birni. Ga ni kwance ana fasa nawa, ina fahimtar kowace kalma. Amfanin karatuna ke nan.

Suka yanke ruɓaɓɓen naman. Ciwon bai tsaya ba.

Lokotoro ya ce, "Ko ƙafar, ko kai."

Na ce a bar ni in mutu da abina. Alhaji Mutari ya durƙusa bakin gado yana kuka. "Mushe, in na koma Zinder ba kai, me zan ce wa iyalinka?"

Na sa hannu.

Da na farfaɗo, na miƙa hannu in sosa yatsun da ba su nan. Har yanzu suna yi mini ƙaiƙayi.

Na yi watanni ana wanke dungun kafin a sallame ni. Alhaji Mutari ne ya biya komai, bai taɓa faɗa mini nawa ba. Allah Ya saka masa. Na gode wa lokotoron da bai ɓoye mini gaskiya ba, da Hausawan zango da suka riƙa kawo mini kunu ba su san ni ba.

Da na iso gida, na tarar direban Alhaji Mutari ya riga ya kai wa Yaya bidonta. Ba ta buɗe shi ba. Ta zo da shi ta ajiye a gabana, ta kasa kallon wandona.

"Ni na aike ka."

Na ce, "Yaya, ba ke kika riƙe takarduna ba."

Ta fita ta zubar da shi a bayan gida. Gwiwarta na nan yadda take.

Ku masu zuwa Lome da Kwatano, ku ji. In kuna da faso ko wani rauni, kada ku shiga ruwan, balle in akwai sukari ko ciwon hanta. Kada ku ci kayan teku ɗanye. In wuri ya kumbura bayan kun shiga, ku tafi asibiti a ranar, ku ce musu kun shiga teku. Kada ku tsaya shafe-shafe. In tsohuwa ta aike ku, ku sayo mata atamfa.

Mutane suna ce mini in gode Allah na warke. Na gode. Takarduna dai ana nan ana dubawa.

Mutanen zango ne suka naɗe ƙafar a ƙyalle suka binne, ina barcin allura. Ban san wurin ba. Na tafi Lome da ƙafa biyu, na dawo da ɗaya.