Tsakuwar da na yi wata huɗu ina kira basir

Salamu alaikum. Masu cewa Malam Sabo ya yi kuɗi ya daina leƙo mu, ku yafe ni. Kwance nake.

Abin ya faro da murɗa a ƙasan haƙarƙarina na dama, musamman in na ci maiƙo. Ni da kaina na yanke hukunci: basir ne. Mu Kanawa ai komai basir ne. Na sayi jiƙo wajen mai lasifika a Ƙofar Ruwa, na yi wata huɗu ina ɗirka. Ina ramewa ina cewa datti ne ke fita.

Gaskiyar magana, kuɗin asibiti nake tsoro.

Ranar da na yanke jiki na faɗi a gaban ɗalibaina aka kwashe ni. Hoton ciki ya nuna tsakuwa a matsarmama. Likita ta ce, "Malam, sai an yi aiki, kuma ba a jira." Da na ji kuɗin, sai da ciwon ya ɗan ɗauke don firgita.

Ba ni da kadara sai ɗaki biyu da na gada a gidanmu na Koki, kuma a nan Inna, mahaifiyata, take zaune. Yayana ya fara neman mai saye. Wallahi na yi kuka. Da wane baki zan ce wa Inna ta kwashe kayanta?

Sai matata Hajara ta zaro wani kati daga jaka. "Baban Ummi, wannan fa? Ko ado ne?"

Katin inshorar lafiya ne, wadda ake yankar mana a albashi. Ni ne sarkin zaginta a makarantarmu. Cewa nake ana karɓar kuɗin ciwon da bai zo ba, kamar mutum na yi wa kansa mugun fata. Ranar rajista ma ja na Hajara ta yi ina mita.

Ba sumul aka tafi ba. Kwana biyu muna jiran lambar izini daga masu inshorar, wani maganin kuma sai a waje muka saya. Amma an yi aikin, abin da na cika bai kai kuɗin tunkiya ba.

Maƙwabcin gadona kafinta ne, Malam Ila, ba shi da kati. Ya ce, "Ku ma'aikata kun huta. Mu fa, ba 'yan ƙasa ba ne?" Masu cewa gwamnati ta ɗauki lafiyar kowa da masu cewa ba za ta iya ba, ku zo ku ba shi amsa.

Yanzu alhamdulillahi, har tuwo nake ci da man shanu. Allah Ya saka wa likitoci da nas-nas, Ya saka wa Hajara.

Shawarata: in ana yankarka, je ka yi rajista yau. In ba ka da albashi, tambaya, akwai tsarin da mutum ke biya da kansa. Ciwon da ya wuce sati kuma a kai shi asibiti.

Roƙo ɗaya: Inna har yau ba ta san an taɓa taya ɗakinta ba. Don Allah kar wanda ya kai mata.