Murhun da Tabawa Ta Ƙi Hura wa Wuta

Tabawa taubashiyata ce, uwarta da ubana ciki ɗaya. Ni aka kai lakwal, wato makarantar boko, a Magariya har na yi kwalej, ita aka bar ta a ƙauyenmu kusa da Yekuwa tana daka. Tun daga nan take kirana Madam, ni kuma ina ce mata Baƙauya, kuma ba wadda ta taɓa jin haushi. Da na bar aiki na dawo gida, zana ce kawai tsakanin gidana da nata.

Ba kyakkyawa ba ce, ba ta da daɗin baki kuma. Girki aka san ta da shi. Zamanin mijinta Bunu gidan cike yake da ƙannensa da yaransu, kuma duk damina sai an yi gayya a gonarsa. Shekarar da gyaɗa ta yi kyau ya sayo mata wata ƙatuwar tukunya a kasuwar Magariya, irin wadda sai mutum biyu ke saukewa. A cikinta take tuƙa tuwon masu noma. An ma taɓa yi wa yaro wanka a ciki.

Bunu ya rasu, ƙannensa suka raba gona kowa ya kama gabansa. 'Ya'yanta uku ma suka watse. Faruku ya tafi Libiya aikin gini, Hamisu yana sayar da shayi a Ikko, Hamida ta auri wani direba a Damagaram. Babbar tukunyar aka kife ta a ƙarƙashin rumbu. Tabawa ta koma dafa abin da ba ya cika kwano, a kan duwatsu uku a bayan ɗaki.

Wata rana cikin rani ta shigo mini da wayarta, don ba ta iya buɗe saƙo. Muryar Faruku ce. Ya ce sun yi shawara su ukun, za su zo Babbar Salla gaba ɗaya, da mata da yara. Ta sa na maimaita mata har na gaji. Sannan ta ɗaure wayar a bakin zane ta ce, "Ba zan ciyar da jikokina a bayan ɗaki kamar mai cin sata ba. Madafa zan gina."

Ƙasarmu rairayi ce, ba ta gini. Sai da Sirajo mai amalanken shanu ya yi ta ɗebo mata laka daga bakin tafki. Shi ya kafa ginshiƙai na dogon yaro a gindin gawon da ke tsakar gidan, ya rufa sama da kara da zana, ya ja gajeriyar katanga ta gabas inda iska ke fitowa. Ta sa ya yi dogon dakali a jikin katangar, inda mutane za su zauna suna ci suna hira da mai girki. Ta haƙa wa randa gurbi a kusurwa. Ta kafa ƙusoshi na rataye muciya da mara.

Murhun kam ba ta bar wa kowa ba. Ta haɗa laka da ƙasar suri da kashin jaki da ƙaiƙayi, ta tattaka da ƙafa, ta rufe ta bar shi ya ruɓa. Irin wannan murhu a jikin tukunya ake gina shi. A ɗora ta kan duwatsu, a yi ta yaɓa laka kewaye da ita har kafaɗa, a bar tsakani kamar kaurin tafin hannu, sannan a murza tukunyar a cire, a yanka ƙofar itace da wuƙa. Tukunyar da aka gina shi da ita, ita kaɗai ke zama daidai a kansa. Tabawa ta sa aka jawo babbar daga ƙarƙashin rumbu.

Na ce, "Baƙauya, yi ƙaramin baki a gefe mana, na tukunyarki ta kullum."

Ta ce, "Ni na ce miki don kaina nake yi?"

"Salla kwana nawa ce? Za su tafi su bar ki da ramin da akuya za ta haihu a ciki."

"Sai in kira ki ki karɓi haihuwar, tunda ke ce mai ilimi."

Murhun ya bushe a inuwa, ya yi kyau, sumul kamar randa. Kowace mace a garin nan ta san abin da ke biye. Ana hura masa 'yar wuta da kara, yau kaɗan gobe kaɗan, har lakar ta gasu ta yi tauri. In ba a yi ba, gara ta shige shi, ruwa ya narkar da shi. Tabawa ta fi ni sanin haka, amma ta ƙi. Wai uwarta ta gaya mata duk wanda ya ci abincin fari na sabon murhu, murhun ba ya barinsa ya daɗe a waje, sai ya yi ta kiransa gida. Ban taɓa jin wannan a bakin kowa ba sai ita, kuma uwar tata gwaggona ce, na san ta da ƙirƙiro magana. Na ce to ta hura wutar ba tare da tukunya ba. Ta ce wutar fari ita ce wutar fari, ba za ta ɓata ta a banza ba.

Kullum da safe sai ta share madafar, ta yayyafa ruwa, ta jiƙa hannu ta shafe tsagar da ta fito. Sannan ta zagaya bayan ɗaki ta dafa kokonta a kan duwatsu. Wani lokaci ina hango ta zaune a dakalin tana raba wuri da baki: nan Faruku, don ya fi son jingina, can matar Hamisu da ba ta taɓa gani ba, yara a tabarma.

Saƙonnin suka zo ɗaya bayan ɗaya, ni na buɗe mata su. Hamida ciki ya tsufa, likita ya hana ta hawa mota. Hamisu ya ce naira ta faɗi, abin da ya tara ba zai kawo su ya mayar ba. Faruku ya ce mai aikin ya riƙe su sai gini ya ƙare. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri," ta karɓi wayarta. Ragon da ta yi wata da watanni tana kiwo aka yanka, ta soya naman a bayan ɗaki.

Bayan Salla kaɗan aka yi ruwan shuka. Rufin kara ba ya riƙe ruwa irin wannan. Da gari ya waye na leƙa, na same ta tsaye a kan murhun. Kafaɗa ɗaya ta zube, lakar ta kwanta a ƙasa kamar kunu.

Na ce, "Ruwa na gaba ba zai bar miki komai ba. Ko ki hura, ko ki share wurin ki ɗaure akuya."

Sai ta ɗebo laka. Ta gyara kafaɗar, ta lulluɓe da leda da tsohuwar tabarma, ta yi ta buɗewa in rana ta fito. Da ya sha iska sai na ji ƙamshin gyaɗa ta saman zana. Na zagaya. Wuta na ci a murhun, babbar tukunya na kai, Tabawa na suyar ƙuli-ƙuli da gyaɗar da ta ajiye don miyar Salla. Na miƙa hannu zan ɗauki ɗaya, ta buge ni da mara.

"Ba naki ba ne, Madam. Tuwo ba ya tafiya, wannan yana tafiya."

Ta ƙulla shi kashi uku. Na Hamida ta ba wani direban motar Damagaram. Na Hamisu ya bi wani mai kai shanu kudu ta Dungas. Na Faruku ta damƙa wa wani saurayin Dantchiao da zai bi ta Agadas. Ko gutsure ba ta ɗanɗana ba, kuma ba ta sake ɗora komai ba sai da Hamida ta aiko cewa ta ci nata. Daga nan ta shiga girki da babbar tukunya duk Juma'a, don ba wadda ke zama a murhun sai ita, kuma ba a dafa kaɗan a cikinta. Mu tsofaffin unguwa muka gaji dakalin. Muna ci muna gulma, tana zaginmu da kwaɗayi.

Da kaka ta yi, Hamida ta zo da jaririnta. Hamisu ya zo da rani shi kaɗai, ya kawo mata tukunyar gas, ya ce hayaƙi na kashe ido. Ta yi godiya ta rufe ta da zane a ƙuryar ɗaki, tana nan har yau. Duk wanda ya zo a cikinsu sai ta kalle ni ta ce, "To, Madam, me lakwal ta ce?" Ni na san mota ce ta kawo su, amma na bar ta.

Na Faruku ne bai isa ba. Saurayin ya ce ya ba wani, wanin ba a san inda ya yi ba. Ta sake soya wani ta aika, ya kuma isa hannun Faruku, amma ta ce wannan ba na wutar fari ba ne, ci ne kawai. Har yanzu in ta ji an ce wani ya dawo daga Libiya, sai ta ɗauki mayafi ta je ta tambaye shi ko ya ga wani ƙulli a cikin leda baƙa, ɗaure da tsumman atamfa ja. Ranar Juma'a kuma ba ta barin kowa ya zauna a ƙarshen dakalin, wajen jinginar nan. Makon jiya na manta na zauna, ta ce in matsa.