Kwalbar da ke amsa wa Inna

Shekarun baya, lokacin da na fara gabatar da shiri a gidan rediyo, akwai wani tsohon akwatin sauti a ɗakin mahaifiyata a Gwaram. Mahaifina ne ya sayo shi a Kano tun yana tuƙa babbar mota. Na katako ne, tsayinsa ya kai ƙugu, da rediyo a ciki, da wurin ɗora faifai. Idan ka leƙa ta baya za ka ga 'yan kwalabe a jere, kowace da jan haske a cikinta kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Masu gyara suna ce musu bawul. Mu a gida kwalabe muke cewa.

Ba ya magana da zarar an kunna shi. Sai kwalaben sun ɗumama, sannan murya ta taso daga nesa, kamar mai dawowa daga gona da yamma. Amma in ta iso, babu irinta. Ko farashin taki ake faɗa, sai ka ji kamar tatsuniya.

Aibinsa ɗaya, ba shi da alƙawari. Wuta ta yi ƙasa, ya yi gurnani. Ta dawo da ƙarfi, kwalba ta ƙone. Damina ta sauka, ya kama tari. Bayan rasuwar mahaifina ɗawainiyarsa ta dawo kaina. Na saya wa Inna ƙaramar rediyo mai caji don mu huta, ta sa mini albarka, ta rufe ta a cikin langa.

Wata rana na je gida, na ajiye kofin shayi a kan akwatin, sai na ji "tinnn" ta fito daga sifika. Na yi gyaran murya kusa da shi, ya sake yi, siririyar ƙara mai jela, kamar an taɓa bakin tasa. Ni kuwa an horar da kunnena ya tsani duk wani sautin da ba a gayyata ba. Ban tambayi kowa ba, na sa shi a mota sai Birnin Kudu, wurin abokina mai gyaran rediyo.

Ya kunna, ya jira, ya riƙa ƙwanƙwasa kwalaben da gindin biro. Da ya zo kan wata 'yar ƙarama, shagon ya ɗauki ƙara.

"Ga mai laifin," in ji shi. "Tsufa ne. Kayan cikinta sun saki, shi ya sa duk motsin da aka yi a ɗaki take ɗauka ta mayar. Ta zama 'yar gulma."

Ya ciro wata daga wani mataccen akwati ya sa, ya jefa tsohuwar cikin kwali. Na mayar wa Inna kayanta ina ji da kaina, na koma bakin aiki.

Ba a daɗe ba ƙanwata ta kira ni. "Yaya, Inna fa ta daina kunna akwatin. Wai ya kurumce."

Ranar hutuna na zo na kunna. Sauti tas, ko ƙura babu.

"Inna, ai lafiyarsa ƙalau. Gyara shi na yi."

"Na ji ai," ta ce, tana tsince wake a faifai. "Yana magana. Ji ne ba ya yi."

Ban gane abin da take nufi ba.

"In ka yi sallama a shirinka, ina amsawa. Wajibi ne, ko ba haka malamai suka ce ba? To da, in na dafa shi na ce wa alaikumus salam, sai ya ce tinnn. Yanzu in na amsa, sai maganata ta faɗi ƙasa."

"Inna, kin san fa ba na jin ki daga can."

Ta ɗago ta kalle ni. "Kai, ɗan nan. Ni na haife ka ko kai ka haife ni? Na sani mana. Amma tun da babanku ya tafi, wa ke cewa uhm a ɗakin nan in na yi magana?"

Washegari na koma Birnin Kudu. Abokina ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Malam, tun da nake sana'ar nan ban taɓa ganin wanda aka yi wa magani ya dawo neman cutarsa ba."

"Tsohuwar kwalbar tana nan dai?"

"Tana cikin 'yan uwanta. Amma ka sani, kwananta ya kusa ƙarewa. In ta mutu, ba ni da wata mai irin wannan lalacewar."

Kwalin cike yake da matattun kwalabe, duk kamarsu ɗaya. Haka muka zauna muna sa su a wani akwatin gwaji, mu jira su yi ɗumi, mu ƙwanƙwasa. Wata shiru, wata tsaki. Masu wucewa suna ganin manya biyu sun kasa kunne ga kwalba kamar masu duba. Can wata ta ce tinnn. Na naɗe ta a hulata.

Na isa Gwaram bayan la'asar, aka yi sa'a akwai wuta. Shirin ranar na riga na naɗe shi tun kafin in taho, don haka ina zaune a kan tabarma muryata ta taso daga cikin katakon, ta yi sallama. Inna ba ta ko dubi inda nake ba. Ta dafa akwatin, ta sunkuya, ta amsa. Siririyar ƙarar nan ta biyo bayan muryarta, ta yi yawo a ɗakin, ta ɓace. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Kwalbar ta yi damina biyu tana aiki kafin ta mutu. Inna ba ta daɗe sosai a bayanta ba, Allah ya jiƙanta. Akwatin yana falona yanzu, da sababbin kwalabe, sautinsa tsaf, ba ya jin kowa.

A wurin aiki an koya mana cewa shiru a tsakiyar shiri laifi ne. Duk da haka, har yau in na yi sallama sai na dakata, gwargwadon numfashi ɗaya. Masu kula da na'ura sun sha ɗaga mini hannu ta bayan gilashi, wai in ci gaba. Ina ganinsu. Jira nake a gama amsawa.