Yadda Na Ɗaure Inna Mai Itace da Farashin Shekara

Lokacin da wannan abu ya faru ina aikin sakatariya a wani biro, wato ofis, na gwamnati a Dogon Dutsi. Na haura shekara arba'in, mijina ya rasu, ƴaƴana biyu suna karatu a Yamai wajen ƙanena. Ni ƴar Damagaram ce, aiki ne ya kawo ni wannan yanki da ake kira Arewa, kuma na zo ban san kowa ba. Ina roƙonku ku sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba, domin wadda zan ba da labarinta ba ta san ina rubutawa ba, ban ma san ko tana raye ba.

Na kama hayar ɗaki biyu da ƴar tsakar gida a bayan gidan wani dattijo ɗan kasuwa, ƙofata daban. Mutanen garin ba su yi mini komai ba, muna gaisawa lafiya, amma gaisuwar a bakin ƙofa take tsayawa. Ni ba mai saurin sabo ba ce, kuma idan na buɗe baki mata sukan yi murmushi saboda Hausata ba irin tasu ba ce, sai na ƙara janye jiki. Na dawo daga aiki in rufe ƙofa, in kunna rediyo don in ji muryar mutum, in dafa abin da zan ci ni kaɗai. Ina da tukunyar gaz, amma wake da tuwo da ruwan wanka a murhu nake yi, don gaz ba ya jure musu.

Ta dalilin murhun nan na san Inna. Tsohuwa ce doguwa, siririya, daga wani ƙauye ta wajen Ɗan Kassari, tana koro jakinta da kayan itace duk ranar kasuwa. Ranar farko ruwan sha ta roƙa, na sayi kayan nata duka. Mako na gaba ta dawo, ta zauna a rumfata ta huta. Kafin a jima abin ya zama al'ada. Ta sauke itace, ta ɗaure jaki a gindin dalbejiyar ƙofata, ta shiga kasuwa ta sayi gishiri da daddawa, ta dawo ta yi azahar a ɗakina, mu ci abinci kwano ɗaya. Ita ta koya mini yadda ake kwaɗa kopto, wato dafaffen ganye irin su zogale, ita take ba ni labarin wa ya haihu, wa ya tafi cirani a ƙauyen da ban taɓa gani ba, har na san mutanensa kamar dangina. Ɗiyata take ce mini. A duk faɗin garin, ita kaɗai ce take tura ƙofata ba tare da na gayyace ta ba.

Sai kaya suka fara tsada. Cika tukunyar gaz ya zama wahala, wani lokaci ka je da kuɗinka a ce babu, gawayi ya hau, itace ya fara motsi. A biro ba a maganar komai sai wannan. Wani abokin aikina ya ce shi ya huta, ya ƙulla da mai gawayinsa farashi ɗaya na shekara, ko kasuwa ta hau ko ta sauka ba ruwansa. Maganar ta zauna mini a rai. Albashina ba ya ƙaruwa, kuɗin makarantar yara yana jirana, ga maganin mahaifiyata da nake aikawa gida. Na yi kwanaki ina juya abin. Idan na ƙulla kuma itace ya yi sauƙi bayan kaka, na yi asara. Idan ban ƙulla ba ya tashi, ban san inda zan ciro ƙarin ba. Duk tunanin da na yi, kaina na tuna. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina daga ina itacen yake fitowa ba.

Bayan an gama girbi na gaya wa Inna shawarata, cewa za ta riƙa kawo mini kayan jaki ɗaya duk kasuwa har kaka ta zagayo, ni kuma in riƙa biyan ta sama da farashin ranar kaɗan, amma ba za a sake taɓa shi ba. Ta murza gwiwarta, sannan ta ce daji ba a hannunta yake ba, bara ba ta zuwa inda take zuwa bana. Na lallashe ta, na nuna mata ta sami mai saye tabbatacce, ba za ta sake zaman rana a kasuwa ba. Don abin ya yi ƙarfi na kira maigidan hayata ya zama shaida. Dattijon ya saurara, ya tambaye ni ko ba za mu bar wata ƙofa ba idan al'amura suka canza. Na ce ai don kada su canza ake ƙullawa. Ya dubi Inna. Ta ce, "Tunda ɗiyata tana so, na ba ta bakina." Ya ce Allah ya sa albarka, ya tashi.

Watannin farko ni ce nake biyan fiye da kasuwa, kuma ina sane da haka, har ina jin kamar alheri nake yi mata. Da bazara ta kama sai abin ya juya. Gaz ya ƙara wuya, gidajen da suka daɗe da barin murhu suka koma masa, masu amalanke suna shigowa gari ana tare su tun a hanya. Itace ya tashi fiye da yadda kowa ya zata. Ni kuwa nawa yana zuwa har ƙofa a tsohon farashi. Na lura Inna ta fara makara, wadda take isowa da hantsi sai rana ta take. Na ga bayan jakin ya yi miki. Na ga itacen ya canza, babu manyan faskare, sai geza da busasshiyar sabara. Na ga duk wannan, amma abin da na ce mata shi ne kayan sun fara ƙanƙancewa. Mako na gaba ta kawo su cike.

Wata rana bayan mun ci abinci ta fara wata doguwar magana. Ta ce kusa da gari ba abin da ya rage, masu gandun daji sun hana saran ɗanye, busasshe kuwa sai an yi tafiya mai nisa. Ta ce mai tuwon bakin tasha ta tare ta da safe, ta yi mata tayi mai kyau. Ba ta ce in ƙara ba, ta dai ajiye maganar a gabana tana kallon ƙasa. Na gane abin da take nufi sarai. A makon ne ƙanena ya kira ni kan kuɗin makaranta, raina a cunkushe yake, amma wannan ba hujja ba ce. Na ce mata alkawari muka yi a gaban shaida, kuma lokacin da nake biyan ta fiye da kasuwa ban taɓa yin ƙorafi ba. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta ce, "Gaskiya gare ki, Madam." Ba ta taɓa kirana da wannan suna ba sai ranar. Na ji shi, ya soke ni, amma girman kai ya hana ni gyara maganata.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma shi ne ya fi hana ni sukuni. Kayan jaki ɗaya a mako ya fi ƙarfin mace ɗaya, don haka itace ya taru mini a lungu. Matar abokin aikin nan nawa ta ji labari, domin mai gawayinsu ya daɗe da warware tasu yarjejeniyar. Ta fara zuwa gidana, tana zama muna hira, tana yaba girkina, idan za ta tafi in ɗebar mata itace a farashin da na saya. Har ta kawo wata ƙawarta. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe ni ma zan yi ƙawaye a garin nan. Wata ranar kasuwa suka yi kiciɓis da Inna. Tana kwance igiyar kaya, gumi ya jiƙe mata zane, su kuma suna ɗaure nasu a bayan babur. Matar abokin aikin nawa ta yi dariya ta tambaye ta ko ita ce mai arhar nan da ake faɗa. Inna ta ci gaba da kwance igiyarta. Ta gama sauke kayanta, ta jera su yadda ta saba, ta karɓi kuɗinta, ta ce rana ta yi, za ta koma.

Daga ranar ba ta sake shiga rumfata ba. Takan sauke a bakin ƙofa, mu gaisa a tsaye, in ce ga abinci, ta ce ta ƙoshi. Azahar ma a wani wuri take yi. Damina ta zo da ruwa da taɓo, ba ta fasa kasuwa ko ɗaya ba. Sau da yawa na yi niyyar ƙara mata, har nakan riƙe kuɗin a hannu, sai in ji kunyar yadda zan fara, in ce bari sai mako mai zuwa. Haka na yi ta ɗagawa har gero ya nuna. Da aka gama girbi ta kawo kaya, ta sauke, ta ce, "Shekara ta cika, Madam. Mu yafi juna." Na ce ta shigo mu zauna mu sake sabon farashi, duk yadda take so. Ta ce ƙafafunta sun gaji. Ta kora jakinta, na tsaya ina kallon bayanta har ta sha kwana.

Da lungun itacen ya ƙare, ƙawayen nawa ma suka ɗauke ƙafa. Ban ga laifinsu ba, abin da ya kawo su ne ya ƙare. Gidan ya koma yadda na same shi, sai dai yanzu na san bambanci. Ranar kasuwa ta fi kowace rana yi mini nauyi. Nakan dafa abinci ya fi cikina ba tare da na lura ba, in zauna ina jin kukan jakunan mutane suna wucewa. Akwai makon da zazzaɓi ya kwantar da ni, na kasa ko ɗebo ruwa, ba wanda ya san ina ciki sai da aka ga ban je biro ba.

Da na warke na ɗauki kabu-kabu, wato babur ɗin haya, na nemi ƙauyensu, da turmin atamfa da sukari da ɗan abin da na tara. A hanya na ga abin da take faɗa mini. Fili ne fetal, gonaki da kututture, ba inda mutum zai tsinci abin hura wuta. Na sami gidan, amma ɗakinta a rufe. Matar ƙanen mijinta ce ta tarbe ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, kuma tun kafin in faɗi ko ni wace ce ta gane ni. A bakinta na ji sauran labarin. Tun tsakiyar damina gwiwoyin Inna suka kumbura, ta daina iya zuwa daji. Wajen masu amalanke take sayen itacen da take kawo mini, a farashin da ya fi wanda nake biyan ta, kuma awakinta ta riƙa sayarwa tana cikawa. Mutanen gida sun yi mata faɗa, sun ce ta je ta gaya mini ba za ta iya ba. Ta ce ta taɓa gwadawa, kuma ta ba da bakinta a gaban dattijo, ba za a ce da tsufanta ta ci alkawari ba. Bayan kaya na ƙarshe ta sayar da jakin, ɗiyarta da ke aure a ƙetaren iyaka, wajen Kabi, ta zo ta tafi da ita. Matar ta faɗi wannan duka a hankali, ba zagi, ba ɗaga murya. Na tambaya ko Inna ta bar mini wata magana, ta ce a'a. Na bar mata saƙon ta aika idan an sami mai tafiya. Har yau ban ji ko ya isa ba.

Ina nan Dogon Dutsi, a gida ɗaya. Itace a kasuwa nake saya, wajen duk wanda na tarar, a farashin ranar. Yana ci mini kuɗi fiye da da, amma ban mutu ba, yara ba su bar makaranta ba, kuma da na ƙara wa Inna a lokacin, haka nan zan rayu. Abin da na tsere wa bai kai abin da na rasa ba.

Ba ina cewa ƙulla farashi laifi ba ne. A wannan zamani kowa yana neman inda zai tsayar da lissafin gidansa, na gaz ne, na gawayi ne ko na wuta, kuma idan da babban kamfani ka ƙulla, shi ya san yadda zai kare kansa. Amma ƴan uwana masu karatu, musamman mu masu jiran ƙarshen wata, ku sani tsadar da ba ta same ku ba wani ta sama. Kafin ku ƙulla, ku dubi wanda zai ɗauke ta, ku ga ko wuyansa zai iya. Ku bar ƙofar sake magana idan kasuwa ta juya. Kuma idan wanda kuka ƙulla da shi ya zauna a gabanku yana kewaye-kewaye, yana kallon ƙasa, ku riga shi faɗa. Irin waɗannan mutane sau ɗaya suke tambaya.