Kyamarar da Na Kafa wa Motata

Motata ta farko baƙa ce, kuma a titi take kwana. Gidan da muke haya a Kado sashe shida ne a cikin katanga ɗaya, farfajiyarsa mota huɗu kawai take ɗauka, ni kuwa ni na tare a ƙarshe. Shekarun nan ne da soja suka koma bariki, kuɗi ya shigo Abuja, ko'ina ka duba bene ake ɗorawa, har ƙaramin ma'aikaci irina ya samu ya sayi tokunbo, wato motar hannu daga waje. Ban taɓa son abu mara rai kamar yadda na so motar nan ba. In na ajiye ta a ma'aikata, sai na waiwaya sau biyu kafin in shiga ofis.

Mu uku ne a gida: ni, da matata, da mahaifiyata, wadda na ɗauko daga Zariya bayan rasuwar babanmu. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta yi maganata sai ta ce "mai gidan nan". In na durƙusa gaishe ta, tana amsawa tana kallon bango. Ranar da na kawo motar na roƙe ta ta fito ta sa albarka, sai ta ce wa matata, "Ce masa Allah ya tsare." Ko leƙowa ba ta yi ba. Na san kunyar ɗan fari ce, a cikinta na tashi, amma ranar abin ya yi mini ciwo.

A bakin ƙofa akwai maigadi, dattijo mutumin Jiwa, da ya riga dukanmu zuwa gidan. Ba shi da yawan magana. Yana da benci, da buta, da ƙaramar rediyo, kuma da aikin nan yake ciyar da iyalinsa a ƙauye.

Da damina ta kankama na fara ganin karce a jikin motar. Da safe nakan same ta a jiƙe, ban kawo komai ba tunda ruwa ake yi. Sai rana ta ɗaga ta bushe, sannan abin ya bayyana: zane zagaye-zagaye a kan bonet da ƙofofi, kullum yana ƙaruwa. Rufin sama kuwa ko ƙwarzane babu. Na kai wa mai fenti, ya shafa da yatsa ya girgiza kai.

"Oga, wannan da gangan ne. Soson ƙarfe aka sa mata. Akwai wanda ba ya son ka a layinku."

Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma in na yi fushi nakan ɗauka hankali ne ya zo mini. Na zargi mai shagon da nake ajiye mota kusa da shi. Na zargi maƙwabcin da muka taɓa sa-in-sa kan wurin ajiya. Daga ƙarshe na tsaya a kan maigadi, domin shi ne ba zai iya rama mini ba. Wannan sai yanzu nake iya faɗarsa.

"Baba, kai ke wanke mini mota?"

"Ba ni ba ne, oga."

"To wa ke taɓa ta?"

Ya sunkuyar da kai, ya kama juya butarsa. Da ya ce bai sani ba, da na ce barci yake yi, magana ta ƙare a nan. Amma bai ce bai sani ba. Na sake tambaya, na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo ta taga. Na ce ko dai shi ne, ko an ba shi wani abu ya kawar da kai. Dattijon da ya kusa haifata na kira maci amana a gaban mutane. Abin da kawai ya ce shi ne, "Oga, ka yi haƙuri. Ba mugunta ba ne."

Na kira wakilin mai gida na ce ko ni ko shi. Kafin ƙarshen mako dattijon ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Aka kawo wani daga kamfanin tsaro, mai inifom, wanda ba ya fitowa daga ɗakinsa sai an yi masa hon. Mahaifiyata ta tambayi matata ina dattijon nan na bakin ƙofa. Aka ce mata ya koma gida. Sai ta ce, "Mutumin kirki."

Karcen bai tsaya ba. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce abokan cin amanarsa ne ke ramuwa. Wani abokin aikina ya ba ni shawarar in kafa kyamara, a lokacin sai a banki da gidajen manya ake ganinta. Mai kafawa ya zo ranar Asabar da tsani, ya ɗaura ta a ƙasan barandarmu tana kallon titi, ya ja waya zuwa wani ƙaramin akwati a ɗakina.

"Oga, ko kyanwa ta wuce za ka gan ta," in ji shi. "In ka kama mutumin, straight police."

Abin da nake so ke nan. Har na shirya abin da zan gaya masa in an kamo shi.

Litinin da yamma na dawo daga aiki, na rufe ɗaki na kunna. Na yi ta tura hoton gaba, babu komai sai motar da ruwan sama. Sai agogon da ke gefen hoton ya kai bayan Asuba, lokacin da ni nake idar da salla in koma gado. Ƙaramar ƙofar gidan ta buɗe. Wata tsohuwa ta fito da baya, tana jan bokiti da hannu biyu, ta ja ta huta, ta ja ta huta. Tun kafin ta juyo na gane mayafin.

Ta tsaya a gaban motar ta ɗaga hannu, ta jima tana addu'a, ta tofa a kan bonet. Sannan ta ciro soso daga bokitin, irin wanda take goge tukwane da shi, ta shafa sabulu ta fara dirzawa zagaye-zagaye, yadda ta saba yi wa kwanonta na silba har sai ya ɗauki ido. Ta bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, iya inda hannunta ya kai. Idonta ya yi yana, ba ta ganin abin da soson ke yi. Da ta gama ta ɗauraye, ta ja baya ta dubi motar, ta dafa ta da tafin hannu kamar yadda ake dafa kan yaro. Ni ba ta taɓa dafa kaina haka ba, ko ta yi ban yi wayon sani ba.

Na kifa kai a kan tebur na yi kuka. Da na ɗago sai fuskar dattijon ta faɗo mini a rai, yana juya butarsa.

Asabar ta gaba na tafi Jiwa. Na yi tambaya har aka kai ni gonarsa, na same shi yana ɗaure yaɗon doya. Na durƙusa a cikin kunya da takalmin ofis, na ce na gani, na zo neman gafara, kuma zan tsaya a gaban mutanen gidan in wanke shi, a mayar da shi aikinsa.

"Ka faɗa wa Hajiya?" ya tambaye ni.

"A'a."

"To kar ka faɗa. Ita ta roƙe ni kar ka sani. Na ba ta tsumma, ta ce tsumma ba ya fitar da datti. In ka wanke ni a gaban mutane, sai ka faɗi wanda ya yi. Tsohuwa za ta ji kunya, ba za ta ƙara fitowa ba."

Na ce to ya dawo ko ba bayani. Ya ce a'a, gidan da aka kira shi maci amana ba zai iya zama a ƙofarsa ba, amma ya yafe mini duniya da lahira. Na yi magiya, bai canza ba. Har na miƙe zan tafi, sai ya kira ni.

"Oga, wa yake ɗaukar mata bokiti yanzu?"

Na juya na kama hanyar gida.

Da na koma gida na cire wayar kyamarar. Ban kai motar fenti ba. Mutanen gidan suka ci gaba da ɗaukar dattijon a yadda na bar shi a bakinsu, kuma wannan nauyin har yau yana kaina. Daga ranar, in na idar da sallar Asuba nakan cika bokiti, in kai shi gefen motar, in dawo in kwanta in rufe ido, ina jin ƙarar silifas ɗinta tana wucewa ta ƙofar ɗakina. Shekara biyu muka yi a haka kafin Allah ya karɓi abinsa. Ba ta taɓa tambayar wanda ke ajiye mata ruwan ba, ni ma ban taɓa faɗa mata ba.